Yadda Matan Arewa Suka Sami Ikon Jefa Ƙuri'a

A zaɓen Majalisar Tarayya na 1959 matan Jihar Gabas da na Jihar Yamma sun jefa ƙuri'a, amma a Jihar Arewa maza kaɗai aka yarje wa. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ke riƙe da mulki, ta ce lokaci bai yi ba tukuna, kuma al'adar ƙasa ba ta yarda ba.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ita ce ta ƙi wannan magana. Malam Aminu Kano ya nace cewa Musulunci bai hana mace wannan haƙƙi ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, ta sha ɗauri sau da dama saboda wayar da kan mata.

Abin lura ga mai nazari shi ne, har Jamhuriya ta Farko ta faɗi a 1966, majalisar da aka zaɓa ba ta ba su wannan iko ba. Gwamnatin soja ce ta buɗe ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sa'an nan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da shi.