Wa Ke Ɗaukar Nauyin Sulhu? Waiwaye Kan Tarihin Kuɗin Sasanta Ma'aurata

Aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta yi umarni da cewa idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin miji da mata, a tashi hakami ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Malaman tafsiri da fiƙihu sun tsawaita bayani a kan sharuɗɗan hakaman nan biyu da iyakar ikonsu, amma ayar ba ta ambaci ladan aikinsu ba. Dalilin a fili yake: baffa ko kawu ba ya neman a biya shi don ya gyara auren ɗansa. Duk da haka sulhu bai taɓa zama kyauta ba. Akwai tafiya, akwai barin kasuwa ko gona na kwanaki, akwai saukar baƙi da ciyar da su. Abin da ya riƙa sauyawa cikin tarihi shi ne wanda nauyin ke faɗawa kansa.

A zamanin Sahabbai dangi ne suka ɗauke shi. An ruwaito cewa lokacin da saɓani ya tsananta tsakanin Aƙilu ɗan Abu Ɗalib da matarsa Faɗima 'yar Utba, Halifa Usman (RA) ya tura Abdullahi ɗan Abbas da Mu'awiya ɗan Abu Sufyan. Zaɓin ya bi zumunci sau da ƙafa, domin Ibn Abbas ɗan baffan Aƙilu ne, Faɗima kuwa 'yar'uwar Hindu ce, mahaifiyar Mu'awiya. Kowanensu yana da rabo a cikin mutuncin gidan, saboda haka babu wanda zai yi maganar biya.

Da birane suka bunƙasa, mutane suka yi nisa da danginsu, sai aikin ya riƙa komawa hannun alƙali da waɗanda ya wakilta. Malikiyya sun halatta a naɗa hakamai daga wajen dangi idan ba a sami wanda ya cancanta a ciki ba, suka fifita maƙwabta saboda sanin halin gidan. Daga nan tambayar ta canza: wa zai ciyar da wanda ya bar sana'arsa ya zauna don matsalar wasu? Imam Buhari ya ƙulla babi a kan abin da ake bai wa masu hukunci da ma'aikata, ya ambaci cewa Alƙali Shuraihu yana karɓar biya a kan alƙalanci. Daga baya Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a shekarar 684 bayan Hijira, ya fayyace ƙa'idar cikin littafinsa al-Furuƙ, inda ya raba tsakanin arziƙi da ijara. Arziƙi shi ne abin da shugaba ke fitarwa daga baitulmali don a tsayu da maslahar Musulmi. Ijara kuwa ciniki ce, aiki a madadin kuɗi. Alƙali yana cin na farko, ba ya halatta ya sayar da hukuncinsa ta hanyar na biyu. Hikimar ba ta ɓuya: wanda abincinsa ya rataya ga aljihun masu husuma, da wuya idonsa ya daidaita tsakanin mai shi da marar shi, kuma a rigimar aure galibi mace ce marar shi. Wasu malaman Shafi'iyya sun yi rangwame idan baitulmali ya kasa, amma da sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da cewa a karɓa daidai daga ɓangarorin biyu.

Ƙa'ida ke nan. Aiki kuwa ya sha bamban. A daular Turkawa ta Banu Usman, alƙalan garuruwa sun daɗe suna rayuwa da kuɗaɗen da ake biya a kotu: na rubuta hujja, na shigar da magana cikin sijilli, na ƙulla aure, da kuma kaso daga rabon gado. Masu tarihinsu sun ruwaito cewa an ƙayyade waɗannan kuɗaɗe tun zamanin Sultan Bayazid na Ɗaya, wanda ya hau mulki a 1389, don a toshe ƙofar rashawa da ta yawaita tsakanin alƙalai. Maganin ya zo da tasa cutar, domin sai da aka riƙa fitar da umarnin sarauta ana hana alƙalai tilasta wa magada rabon da ba su nema ba.

Ƙasar Hausa ta san irin wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwa da cin dukiyar mamaci a cikin ɗabi'un sarakunan da ya soka. Amma ko bayan jihadi, alƙalai a masarautu da dama sun ci gaba da dogaro da ushira, wato kashi ɗaya cikin goma na gadon da suka raba ko bashin da suka karɓo. Turawan mulkin mallaka sun tarar da haka. Bayan dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906, da kafa baitulmalin En'e wanda aka fara gwadawa a Katsina aka kuma yaɗa shi wajen 1911, an yanka wa alƙalai albashi, kuɗin kotu ya koma shiga baitulmali. Abin lura a nan, tsarin ya yi kama da maganar Ƙarafi ta fuskar alƙali kaɗai. Mai ƙara bai huta ba. Har yanzu shi ke biyan kuɗin sammaci, wurin zuba kuɗin ne kawai ya sauya. Wannan na cikin abin da ya sa gidaje da yawa suka ci gaba da kai maganarsu zauren liman da na mai unguwa, inda goro ya wadatar.

Akwai kuma tsadar da ba ta shiga kowane littafin kotu, kuma a ganina ita ce mafi nauyi. A mazhabar Malik, hukuncin hakamai yana zartuwa ko da ma'auratan ba su yarda ba, kuma suna iya raba auren a kan wani abu da matar za ta mayar idan suka ga cutarwar daga gare ta take. Idan kuwa daga miji take, a raba ba tare da ta biya komai ba. Tantance wannan yana buƙatar lokaci da bincike, su kuwa suna cin kuɗi. Matar da ba ta da halin zirga-zirga na watanni sai ta zaɓi gajeriyar hanya: ta nemi khul'i, ta mayar da sadaki, wani lokaci ta yafe bashin ciyarwa, alhali da an bincika da haƙƙin nata ne. Ta biya kuɗin sulhun da ba a yi ba.

Dokokin zamani sun fara da aro hukuncin kafin su waiwayi kuɗinsa. Dokar haƙƙoƙin iyali ta Turkawa ta 1917 da dokar Masar mai lamba 25 ta 1929 duk sun ɗauko tsarin hakamai daga Malikiyya, duk da cewa ƙasashen biyu a kan Hanafiyya suke hukunci. Sai a 2004, cikin doka mai lamba 10 da ta kafa kotunan iyali, Masar ta buɗe ofisoshin sasanta rigingimun iyali a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, da masana doka da na zamantakewa da na halayyar ɗan Adam a cikinsu. Dokar ta wajabta a bi ta ofishin kafin shigar da mafi yawan ƙararrakin iyali, ta ba shi kwana 15 wanda ba a ƙarawa sai da yardar ɓangarorin biyu, ta kuma ce ba a biyan komai wajen kai magana gare shi. Albashin masu sulhun yana fitowa daga kasafin gwamnati. Kuɗin mota da yinin da aka rasa a wurin aiki kuwa suna nan a wuyan ma'auratan.