Layukan Dogon da Babu Su a Taswira

Gina ƙaramin layin dogo a cikin gida, da tashoshinsa da duwatsunsa da jirage masu aiki da lantarki, sha'awa ce da ta kafu a Jamus da Ingila da Amurka. Asalinta kayan wasan yara ne. A 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya nuna ƙananan jirage masu layi mai ƙayyadadden faɗi a kasuwar baje koli ta Leipzig, kuma aka ɗauki shekaru abin bai wuce jirgi ya yi ta kewaya da'ira ba. A shekarun 1930 manya suka rungume shi gadan-gadan. Al Kalmbach ya fara buga mujallar Model Railroader a Milwaukee a 1934, aka kafa ƙungiyar NMRA a 1935 don daidaita ma'auni, sannan sikelin HO, wanda ke rage girman kowane abu sau 87, ya ba mutum damar shigar da gari guda cikin ɗaki ɗaya.

Daga nan magina suka rabu gida biyu. Wasu na kwaikwayon kamfanin jirgin da ke akwai, wasu kuma na ƙirƙiro nasu, su raɗa masa suna, su zana masa taswira, su rubuta masa tarihi. A Ingila John Ahern na cikin na farko a wannan hanya. Tun shekarun 1930 ya fara gina Madder Valley, wani kwari na ƙage mai tashar jirgin ruwa da ƙauyuka, inda ƙasa da gine-gine suka samu kulawa daidai da jiragen. Har yau ana ajiye da shi a gidan tarihi na Pendon da ke Oxfordshire.

Wanda ya ba jiragen dalilin tafiya shi ne Frank Ellison na New Orleans, mai layin Delta Lines. Ellison ya yi aiki a harkar wasan kwaikwayo, kuma a jerin maƙalun da ya wallafa a 1944 ya bayyana layin a matsayin dandamali, jirage 'yan wasa, jadawalin tafiya kuma shi ne labarin. A wurinsa dole kowane jirgi ya san inda ya fito da inda za shi da abin da ya ɗauko. Abokansa kan taru su raba aiki, suna bin agogo mai gudu fiye da na gaskiya, ta yadda zirga-zirgar yini guda za ta ƙare a zama ɗaya na yamma.

John Allen, mai ɗaukar hoto a Monterey ta jihar Kalifoniya, ya ɗaga aikin zuwa wani matsayi da layinsa Gorre & Daphetid. Ya gina shi sau uku, na ƙarshe daga 1954 a ɗakin ƙarƙashin gidansa, da duwatsun da suka taso tun daga daɓe da gadoji bisa kwazazzabai. Shi ya yayata dabarar tsufar da kaya: a shafa wa tarago tsatsa da toka da ƙura har ya yi kama da wanda ya sha hanya. Allen ya rasu a watan Janairun 1973, kwana goma bayan haka gobara ta cinye layin. Hotunansa ne suka rage, kuma har yanzu magina na koyo daga gare su.

Aikin da ya fi tasiri a kan ƙagaggen tarihi shi ne na W. Allen McClelland, wanda ya fara Virginian & Ohio a yankin Dayton a farkon shekarun 1960. Ya ɗauki kamfaninsa a matsayin mai jigilar kwal a tsaunukan Appalachia, ya zana masa hanya a kan taswirar gaskiya, ya haɗa shi da kamfanonin gaskiya, ya tsayar da lokacinsa a 1957. Wannan zaɓi ya ɗaure masa hannu, kuma a nan ƙarfinsa yake. Injin da kamfanin jigilar kwal na wancan zamani ba zai saya ba, ba shi da gurbi a layin, komai kyansa. Ya kuma dage cewa abin da ke cikin ɗaki guntu ne kawai na doguwar hanya. Saboda haka ya yi ɓoyayyun layuka inda jirage ke jira, suna wakiltar biranen nesa: su shigo, su ratsa, su wuce. Mujallar Railroad Model Craftsman ta fara buga labarin layin a 1977.

Tsarin aiki a irin wannan layi kwafin na gaskiya ne. Kowane tarago na da kati, a jikin katin a soke takardar kaya mai nuna wanda ya aiko da wanda zai karɓa. Mutum ɗaya na zaune yana ba da izinin tafiya, wani na haɗa taragai a babbar tasha, direbobi na bin jiragensu a ƙafa riƙe da na'urar sarrafawa. Tarihin da aka ƙaga shi ke faɗin dalilin da ya sa mahaƙar kwal take nan, injin tsaga katako yake can, da yawan taragan da kowanne ke buƙata a rana.

McClelland da abokansa Tony Koester da Steve King sun haɗe ƙagaggun kamfanoninsu uku ƙarƙashin sunan Appalachian Lines, kamar yadda kamfanonin Amurka na gaskiya suka riƙa haɗewa. Daga baya, da masana'antu suka fara fitar da samfura daidai da na ainihi, masu kwaikwayon kamfanonin gaskiya suka ƙaru. Koester kansa ya rushe ƙagaggen layinsa Allegheny Midland ya koma gina layin gaskiya na Nickel Plate Road kamar yadda take a 1954, amma ya ci gaba da amfani da ɓoyayyun layuka da takardun kaya da jadawali a sabon layin.