Hoton Jariri da Jimamin Iyaye: Nazari daga Gidan Katta

A Gidan Katta da ke ƙaramar hukumar Illela, daf da iyakar Sakkwato da Birnin Ƙonni, jaririn da ya koma kafin suna ba ya barin wata alama. Ba a yanka masa rago, maza ƙalilan ke kai shi makwancinsa, mai jego kuma ba ta zuwa maƙabarta. Sau da yawa abin da ke saura shi ne hoton da aka ɗauka da waya ranar haihuwa. Matsayin wannan maƙala shi ne, hoton nan haƙƙin iyaye ne, kuma goge shi da sunan tausayi kuskure ne.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin kowane 1,000 a Nijeriya ba sa cika wata guda. Al'ada ta tanadi kalaman lallashi: "Allah ya sa mai ceto ne", "Allah ya kawo rayayye". Addu'o'i ne nagari, sai dai sun fuskanci lahira da haihuwa ta gaba, ba su ba uwa filin ambaton wanda ta rasa ba. In ɗan fari ne, kunya ta ƙara ɗaure mata baki, alhali ga ta cikin wankan jego, nono na zuba babu mai sha.

A 1996 masani Dennis Klass da abokan aikinsa sun nuna cewa ci gaba da riƙe zumunci da mamaci na iya taimaka wa mai jimami. A Amurka har an kafa ƙungiyar Now I Lay Me Down to Sleep a 2005, mai ɗaukar hotunan jariran da suka rasu kyauta. Ba sai mun kwaikwaye su ba, domin ɗaukar hoton gawa bai dace da suturar da muke yi wa mamaci ba. Wanda aka ɗauka yana raye ya wadatar.

Masu suka na cewa hoto fami ne, kuma yana raunana tawakkali. To amma Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da rasuwar ɗansa Ibrahim, hakan kuwa bai taɓa yardarsa da ƙaddara ba.

Don haka kada dangi su goge hoton, kada kuma su watsa shi a WhatsApp ba da izinin iyaye ba. A adana shi, a bar wa uwa da uba zaɓin ranar da za su duba, ko su ƙi dubawa.