Tarihin Haske da Hazo a Dandamali, da Masu Zana Su

Makonni kaɗan da suka wuce wasu samarin zangonmu suka zo zauren Maigida da fosta a cikin waya, ta wasan kiɗa da suke shiryawa, suna neman a sa musu albarka. Mu da ke riƙe da alƙalamin zauren muka karɓi wayar muka miƙa masa. Ga mawaƙi tsaye, sandunan haske shuɗi da shunayya suna sauka a kansa, wani farin abu kuma yana malala a ƙafafunsa. Dattijo ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "To, wannan hayaƙin fa? Gobara za ku yi mana?" Aka yi dariya. Yaran suka ce ai hazo ne na na'ura, hoton ma ba ɗaukarsa aka yi ba, ɗayansu ne ya zana a kwamfuta. Tambayar nan ce ta sa muka shiga bincike, muka tarar ashe hasken dandamali da gobara sun daɗe suna maƙwabtaka, hazon kuma da dalilinsa.

Dalilin kuwa shi ne ba a ganin haske yana tafiya. Ido yana ganin fitila, yana ganin abin da hasken ya faɗa a kai, amma tsakaninsu wayam, sai fa in iska tana ɗauke da ƙura ko hayaƙi da za su karkato da wani kaso na hasken zuwa gare shi. Duk wanda ya tsaya bakin titi da dare a lokacin hunturu ya ga fitilar mota ta zama doguwar sanda, alhali da damina babu wannan sandar. Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya kafa hujja da irin wannan a Kitabul Manazir: hasken da ya shigo ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa, idan akwai ƙura a ɗakin, ana ganinsa miƙe sambal.

A gidajen wasan kwaikwayo na Turai an ɗauki ƙarnuka ba a damu da wannan sandar ba. Buƙatarsu a ga fuskar ɗan wasa kawai, da kyandir da fitilar mai. Duk da haka sha'awar launi tsohuwa ce. A 1545 wani magini ɗan Italiya, Sebastiano Serlio, ya rubuta yadda ake cika kwalabe da ruwa mai launi, har da jan ruwan inabi, a ajiye fitila a bayansu. A 1817 gidajen Lyceum da Drury Lane na Landan suka koma iskar gas, mutum guda ya iya rage hasken dandamali duka ko ya ƙara shi da murɗa famfo. A 1837 kuma gidan Covent Garden ya yi amfani da fitilar farar ƙasa, wato dunƙulen farar ƙasa da ake gasawa da harshen wuta mai tsananin zafi har ya yi fari fat yana walƙiya. Da ita aka fara bin ɗan wasa da haske duk inda ya taka.

Amma wuta ce tsirara a tsakanin labule da katako. Ranar 8 ga Disamba 1881, ana kunna fitilun gas a gidan wasa na Ring da ke birnin Biyenna, wuta ta kama. Ƙofofin fita ta ciki suke buɗewa, jama'a suka danne su, ɗaruruwan mutane suka halaka. A wannan watan dai, a gidan Savoy na Landan, wanda aka ƙawata da ƙwayayen lantarki wajen 1,200 na Joseph Swan, mai gidan, Richard D'Oyly Carte, ya fito gaban jama'a ya naɗe ƙwai mai ci da ƙyalle ya fasa shi, domin su ga ƙyallen bai kama ba. Ka ga ke nan tsoron Maigida yana da asali.

Masu zane na wancan zamani abin da haske ya yi wa jiki suka zana. Edgar Degas na Faransa, wajen 1878, ya zana wata mawaƙiya mai baƙar safar hannu da alli mai launi. Fitilun gaban dandamali a ƙasa suke, saboda haka haɓarta da ƙasan hancinta ne ke haske, inuwa ta koma sama, akasin yadda rana take yi wa fuska. Bai gyara wannan don ya ƙawata ta ba, shi ya sa mai kallo yake jin yana zaune a wurin.

A ganinmu wadda ta juya al'amarin ita ce Loie Fuller, Ba'amurkiya da ta fara rawa a Folies Bergère na birnin Faris a 1892. Takan lulluɓa da yadi mai yawa na siliki, ta riƙe sanduna a ciki tana kaɗawa, ma'aikata suna canza launin fitilu a kanta. Daga baya har a kan gilashi take rawa ana haska ta daga ƙasa, sai ta zama kamar harshen wuta. Ita kanta ba a cika ganinta ba, launi ake gani yana yawo. Silikinta ya yi aikin da hazo zai yi daga baya, wato ya ba haske wurin sauka a tsakiyar fili. Da Toulouse-Lautrec ya tashi zana ta a 1893, hoto guda bai ishe shi ba. Ya buga kusan kwafi 60 da bugun dutse, kowanne da haɗin launinsa, ya barbaɗa musu garin zinariya ko azurfa. Ya fahimci cewa abin da yake so ya kama ba ya tsayawa a launi ɗaya.

Hazo kuwa da tururi ya shigo. Richard Wagner ya yi amfani da shi a Bayreuth ta Jamus a 1876, ya kuma dushe fitilun wurin zaman 'yan kallo. Daga baya aka sami busasshiyar ƙanƙara, wadda sanyinta ya kai maki 78 ƙasa da sifili. In aka jefa ta cikin ruwan zafi sai farin hazo ya taso, kuma da yake mai sanyi ne mai nauyi, ƙasa yake bi. Shi ne irin wanda yaronmu ya zana a ƙafafun mawaƙi. A shekarun 1970 wani Bajamushe, Günther Schaidt, ya ƙera na'urar da ke tura wani ruwa ta cikin ƙarfe mai zafi ya fito hazo. Akwai kuma siririn hazo da ke rataye a iska, ba ka lura da shi sai haske ya ratsa.

Wannan ya zo daidai lokacin da wasannin kiɗa suka koma filayen ƙwallo. Wanda ke can ƙarshen fili ba ya ganin fuskar mawaƙi, dole a ba shi abin kallo mai girman filin. A 1981, a Barselona, ƙungiyar Genesis ta fito da fitilun Vari-Lite, masu juyawa da canza launi bisa umarnin kwamfuta. A 1986 aka tsayar da ƙa'idar DMX512, wadda ke aika umarni ta hanyoyi 512 a waya guda. Da masana uku 'yan asalin Japan suka samar da shuɗiyar fitilar LED a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, sai ja da kore da shuɗi suka haɗu a fitila ɗaya. Daga nan sandar haske ta zama ita ce adon dandamali.

Wannan ne gadon da mai zanen kwamfuta ya tarar. Photoshop ya fito a 1990, a 1994 aka sa masa tsarin falle-falle, inda ake ɗora zane kan zane kamar gilasai ba tare da na sama ya ɓata na ƙasa ba. Procreate ya biyo a 2011 a kan iPad. A nan akwai wani bambanci da mu da muka tashi da tawada da zayyanar allo muka sha wuya kafin mu yarda da shi. Mai zayyana ya san in ya cuɗa ja da kore, wani launin laka zai samu, ƙari kuma sai duhu. Haske akasin haka yake. Jan haske da koren haske in sun haɗu rawaya suke bayarwa, in shuɗi ya shigo su zama fari. Fuskar waya da haske take aiki, saboda haka manhajojin nan suna da falle mai tara haske kan haske, inda sanduna biyu suka gitta wurin ya fi ko'ina ƙyalli.

Sauƙin nan kuwa shi ne tarkon. Gwanayen da muka duba aikinsu da duhu suke farawa, su tsayar da inda kowace fitila take kafin su taɓa launi. Sandar tana da ƙarfi da siranta a bakin fitila, tana faɗi tana dushewa in ta yi nisa. Hazo ba ya kwanciya bai ɗaya, wani wuri kauri wani wuri ɓaraka, makaɗin da ke can baya kuma sai ya kusa narkewa cikin launinsa. Jar riga a ƙarƙashin koren haske kusan baƙa take komawa, domin ba ta sami jan da za ta mayar wa ido ba. Wanda bai san wannan ba sai ya bar rigar ja wur a tsakiyar kore, ido kuwa ya ƙi yarda, ko mai idon bai san dalili ba.

Abin da ya fi damunmu a fostar samarinmu shi ne fuska. Mawaƙin nan mun san shi, mun san iyayensa, baƙi ne wankan tarwaɗa ma bai kai ba, amma a hoton ya fito toka-toka kamar wanda ya tashi daga jinya. Yaron ya watsa masa farin falle ne domin a gan shi, yana bin darussan da aka yi da farar fata. Baƙar fata ba ta buƙatar haka. Tana ɗaukar haske mai launi a goshi da kunci da karan hanci kamar gogaggen tagulla, sauran fuskar ta zauna da launinta. In fitilar a baya take, siririn zare ne na shuɗi zai zagaye kafaɗa da gefen kai, shi ke raba mutum da duhu.

Muka kira yaron muka ce, "Ɗana, ina fitilarka take?" Ya duba hoton ya rasa amsa, domin sanduna daga sama suke, hasken fuska kuma daga gaba, inda babu fitila. Bayan kwana uku ya dawo da gyara, shuɗi a kunci ɗaya, shunayya a ɗayan, mawaƙi ya koma kamanninsa. Maigida ya duba ya ce yanzu ya gane ɗan wane ne. Ya sa albarka, da sharaɗin a bar ƙofofin wurin wasan biyu a buɗe har a tashi.