Tarihin Gidan Abinci na Dong Lai Shun a Birnin Beijin



Idan hunturu ya tsananta a arewacin ƙasar Sin, mutanen birnin Beijin sukan nufi gidajen cin naman rago. Mafi shahara cikinsu shi ne Dong Lai Shun, wanda wani Musulmi ya kafa fiye da shekara ɗari da ashirin da suka wuce.

Wanda ya shiga gidan, za a ajiye masa tukunyar tagulla a tsakiyar tebur. Tana da bututu a tsakiya cike da garwashin gawayi, ruwa yana tafasa a kewayensa. Ba a cika wa ruwan kayan ƙamshi, sai ɗan citta da ganyen albasa, domin kada a rufe ɗanɗanon nama. Sai a kawo naman rago ɗanye a faranti, an yanka shi fale-fale har ana hango zanen farantin ta cikinsa. Kowa ya ɗauki yanka da tsinkayen cin abinci, ya tsoma, da zarar launin ya sauya ya tsame, ya dangwala a markaɗaɗɗen riɗi. Ana haɗawa da awara, kabeji, taliya, tafarnuwar da aka jiƙa da sukari, da gurasa mai riɗi. Girki irin wannan ba ya rufa wa mahauci asiri, domin idan naman ba mai kyau ba ne, lomar farko za ta faɗa.

Wannan sana'a ta daɗe a hannun al'ummar Hui, Musulmi masu magana da harshen Sinanci, waɗanda yawansu ya haura miliyan 11 a ƙasar da ke da mutum fiye da biliyan ɗaya. Masallacinsu na Niujie a Beijin an kafa shi a shekarar 996. A ƙofofin shagunansu sukan rubuta kalmar "qingzhen", ma'anarta tsarki da gaskiya, ita ce alamar halal a can. Da yake su ne gwanayen yankan tumaki da shanu, har waɗanda ba Musulmi ba suka saba neman nama a wurinsu.

Daga cikinsu ne Ding Deshan ya fito, talaka wanda asalin gidansu Cangzhou ne a lardin Hebei. A 1903 ya kafa 'yar rumfar sayar da kunu a kasuwar Dong'an, kan titin Wangfujing. A 1912 sojoji suka yi bore a Beijin, kasuwar ta ƙone har da rumfarsa. Ya sake gini, a 1914 ya mayar da wurin gidan naman rago. Ya nemo gwanin wuƙa ya koya wa yaransa yanka, yana sayen raguna daga makiyayar Mongoliya ta Gida, kuma sassa kaɗan na jikin rago kawai yake yarda a kai gaban baƙo.

Jarrabawa mafi girma ta zo bayan gurguzu ya karɓi mulki a 1949. A tsakiyar shekarun 1950 aka haɗa gidan da hannun gwamnati. Zaɓen dabba ya kuɓuce wa masu gida, sai abin da hukuma ta raba, akuya ko tsohuwar tunkiya ko naman da ya daskare. An kuma ƙayyade farashi. Nan da nan masu ci suka fara ƙorafi, har maganar ta kai kunnen shugaba Mao Zedong. A 1956 Chen Yun, wanda ke kula da tattalin arzikin ƙasa, ya buga misali da wannan gida a gaban manya, ya nuna cewa an ɓata abincin ne da aka rushe ƙa'idojin masu sana'ar. Aka mayar musu da damar zaɓen nama, ɗanɗano ya dawo. A zamanin Juyin Al'adu an cire sunan gidan, sai a ƙarshen shekarun 1970 aka mayar da shi. A 2008 gwamnati ta sa fasahar girkinsa cikin jerin al'adun gado na ƙasa.

Ga mu da muke zaune tsiraru a ƙasashen mutane, labarin ba baƙo ba ne. Mai tsire a zangon Kumasi, da mai suya a unguwar Briqueterie ta Yawunde, da mai agashe a Sudan, duk suna cin albarkacin amanar da iyayensu suka kafa cewa naman Bahaushe yankakke ne, lafiyayye. Tukunyar Dong Lai Shun ba ta sauya ba a shekarun da aka yi ƙorafi, hannun mai zaɓen rago ne aka ɗaure. Mahaucin da ya yarda ya sayar da abin da bai san asalinsa ba, sunan al'ummarsa baki ɗaya yake sayarwa, kuma suna ya fi nama wuyar samu.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mana amana.