MASALLACIN BABBAN GWANI NA ZARIYA

Mu da muka taso a Kajiji, in aka ce tarihin Jihadi, hankalinmu Sifawa yake zuwa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. To amma in ana maganar gini ne na wancan zamani, ni a ganina sai dai a sara wa Zazzau, saboda Masallacin Juma'a na birnin Zariya.

An gina shi ne a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Babu siminti babu ƙarfe, tubali ne kawai da laka da azarar giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba.

Mai karatu zai ce, to ina gwanintar? Ai ita azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa a fili mai faɗi. Don haka sai a riƙa jera ta daki-daki daga jikin ginshiƙi, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya a lulluɓe da laka, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Wannan shi ake kira bakan gizo. A kan irinsa ne Babban Gwani ya ɗora tulluwa shida, ya kuma ƙawata ginshiƙan da zane.

Ana ba da labari cewa bayan ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sai sarkin ya sa aka kashe shi don kada wani ya samu irinsa. Allah ne masani.

A shekarun 1970 aka rushe wani sashe na harabar, aka kewaye ainihin masallacin da ginin siminti. Sa'ar da aka yi, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan mai suna Dmochowski ya riga ya auna shi, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos.

Ginin ƙasa dai da yaɓe yake rayuwa, yaɓe kuwa sai da magini. Duk garin da maginansa suka ƙare ba su koya wa 'ya'yansu ba, damina kaɗan ta isa ta shafe abin da kakanni suka bari. Allah Ya jiƙan magabata, amin.