Yadda manhajar tace bidiyo ke raba aiki ga furosesa a lokacin rendarin

Rendarin shi ne matakin da kwamfuta ke tattara duk abin da mai tace bidiyo ya tsara, wato yanke-yanke, gyaran launi, rubutu da sauti, ta mayar da su fayil guda da za a iya kallo. Shi ne matakin da ya fi cin lokaci da wutar lantarki, don haka masu wannan sana'a, ciki har da editocin Kannywood, kan zuba kuɗi wajen sayen kwamfuta mai ƙarfi. Amma ninka yawan furosesa ba ya ninka saurin aiki daidai wa daida, kuma dalilin hakan yana cikin yadda manhaja ke raba aikin.

Girman aikin

Bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, kowane hoto ana kiran sa firam. Fim na minti 90 da aka ɗauka a kan firam 25 cikin daƙiƙa guda yana da firam 135,000. Kowane firam na 1080p yana ɗauke da ɗigon launi 2,073,600, na 4K kuwa 8,294,400, wato ninki huɗu. Dole kwamfuta ta bi ta kan waɗannan ɗigogi da lissafi, wani lokaci sau da yawa.

A da, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana da ƙwaya ɗaya ce tal mai yin lissafi. A 2005 kamfanonin Intel da AMD suka fitar da Pentium D da Athlon 64 X2 masu ƙwaya biyu don kwamfutocin tebur. Yau ana samun masu ƙwaya 8, 16 har zuwa 64 da sama. Kowace ƙwaya tamkar furosesa ce mai zaman kanta, matuƙar manhaja ta san yadda za ta ba ta aiki.

Matakai huɗu

Kowane firam yana bin matakai huɗu. Da farko a karanto shi daga ma'ajiyar kwamfuta, sannan a warware shi daga matsewar da kyamara ta yi masa, sai a ɗora masa gyare-gyaren edita, daga ƙarshe a sake matse shi a rubuta cikin sabon fayil. Manhaja takan tafiyar da matakan nan tare: yayin da ake matse firam na 10, ana gyara na 11, ana warware na 12. Matakin da ya fi nawa shi ne ke yanke saurin sauran, domin duk sai sun jira shi.

Hanyoyin rabon aiki

Hanya ta farko ita ce a bai wa kowace ƙwaya firam ɗinta. Wannan na tafiya lafiya idan firam bai dogara da maƙwabcinsa ba. Manhajar After Effects ta kamfanin Adobe ta taɓa samun irin wannan tsari, aka cire shi a 2015, sannan aka dawo da shi cikin sabon salo a 2021.

Hanya ta biyu ita ce a yanka firam guda gida-gida, kowace ƙwaya ta ɗauki yanki. Gyaran haske da launi ya dace da wannan, saboda lissafin ɗigo ɗaya bai shafi na wani ba.

Ta uku ita ce a yanka fim ɗin kansa zuwa sassa, a rarraba wa kwamfutoci da dama, a haɗe su a ƙarshe. Manyan kamfanonin fim irin su Pixar na Amurka suna da ɗakuna cike da kwamfutoci don rendarin kawai.

Inda rabon ke cijewa

Cikas mafi girma yana wajen matsewa. Tsarin H.264, wanda aka kammala a 2003, da H.265 da ya biyo shi a 2013, ba sa adana kowane firam cikakke. Sukan adana cikakken firam ɗaya, sannan waɗanda ke biye su ɗauki bambancin da ke tsakaninsu da na kusa da su kaɗai. Da haka fayil ke ƙanƙancewa, amma ƙwayar da ke aiki a kan wani firam takan tsaya jiran wadda ke riƙe da firam ɗin da ta dogara da shi. Tsarin ProRes na Apple da DNxHD na Avid suna adana kowane firam da kansa, shi ya sa suka fi sauƙin rabawa, kodayake fayilolinsu manya ne.

Wasu gyare-gyaren ma haka suke. Daidaita hoton da ya yi rawa a hannun mai kyamara yana buƙatar bin firam ɗaya bayan ɗaya. Aikin gayya na iya nome gona cikin yini, amma mutum ɗaya ko biyu ne ke shiga ramin rijiya, komai yawan waɗanda suka taru a bakinta.

Wani injiniya Ba'amurke, Gene Amdahl, ya bayyana wannan iyaka tun a 1967. A ɗauka aiki yana cin minti 100 a ƙwaya ɗaya, kuma minti 10 daga ciki ba ya rabuwa. Ƙwaya 8 za su gama shi cikin kimanin minti 21, ƙwaya 16 cikin kusan minti 16, ƙwaya 32 cikin kusan minti 13. Ko da ƙwayoyin sun kai dubu, aikin ba zai sauka ƙasa da minti 10 ba. Ribar kowane ƙari tana raguwa ne yayin da farashi ke hawa.

Katin hoto da sassan matsewa

Ba furosesa kaɗai ke aikin ba. Katin hoto, wanda masu sana'a ke kira GPU, yana da dubban ƙananan ƙwayoyi da suka ƙware a lissafi iri ɗaya a kan ɗigogi masu yawa. A 2010 Adobe ya fara tura wasu gyare-gyaren Premiere Pro zuwa katunan Nvidia, manhajar DaVinci Resolve kuma ta fi dogara da katin hoto wajen gyaran launi.

Akwai kuma sassan da aka ƙera don matsewa da warwarewa kawai, kamar Quick Sync na Intel da ya fito a 2011 da NVENC na Nvidia a 2012. Idan waɗannan suka karɓi aikin, ana iya ganin furosesa tana hutawa alhali rendarin na gudu. Ganin haka ba alamar matsala ba ne.

Abin lura ga mai sana'a

Kafin a sayi sabuwar kwamfuta, yana da kyau a buɗe Task Manager a Windows yayin rendarin a ga inda aiki ya maƙale. Idan ƙwayoyi duka sun cika, ƙarin su zai taimaka. Idan ɗaya ce ke fama sauran na zaune, furosesa mai saurin ƙwaya ta fi mai yawan ƙwaya amfani. Idan ma'ajiya ce ta cika, sauya tsohon faifai da SSD shi ne magani. Ƙarancin RAM ma na hana ƙwayoyi aiki, tunda kowace tana buƙatar wurin ajiye firam ɗinta.

Zafi ma abin dubawa ne. Furosesa takan rage gudunta da kanta idan ta yi zafi fiye da kima, kuma laftof da yawa sukan yi hakan idan suna kan batir. A ɗakin tace fim a Kano cikin bazara, goge ƙurar fanka da sanyaya ɗaki na iya dawo da saurin da aka riga aka biya kuɗinsa.